Yadda za ka shimfiɗa rana da duniyoyinta a fili da ƙwallo da ƙwayar gero, yara su taka da ƙafarsu

Hoton nan da ke cikin littattafan firamare da na sakandare, inda za ka ga rana a gefe ɗaya sannan duniyoyi takwas sun jeru kusa da juna kowacce ƙatuwa, gaskiya yana ɓata wa yara lissafi. Ba laifin masu zanen ba ne, takarda ce ba za ta ɗauka ba, in ka zana girman daidai nisan ba zai shiga shafi ba, in ka zana nisan daidai kuma duniyoyin ba za su ganu ba sam. Sai yaro ya haddace sunaye takwas ya ci jarabawa amma a ransa yana ganin kamar daga nan zuwa duniyar Jufita ɗan tsallake ne. Maganin abun shi ne a fita fili a auna da igiya a taka da ƙafa. Kuɗin da za ka kashe bai taka kara ya karya ba, yawancin kayan suna cikin gidanku yanzu haka. Ko kai malamin makaranta ne, ko malama, ko kawai uba ne ko yaya da yake so ya ɗebe wa yara kewa ranar Asabar, ga yadda ake yi.

Da farko ka haɗa kaya. Ƙwallon ƙafa na manya guda ɗaya, irin wanda ake buga wasa da shi, faɗinsa wajen santimita 22 ne, shi ne rana. Duk sauran awon a kansa aka ɗora su, dan haka kar ka ɗauko ƙaramin ƙwallon roba na yara ka ce ai duk ɗaya ne, lissafin zai rushe. Faɗin rana na gaskiya kusan kilomita miliyan 1.39 ne, toh in ka matse ta ta dawo girman ƙwallo, kowace mita ɗaya da ka taka a filin tana matsayin kilomita miliyan 6.3 kenan.

Sai duniyoyin. Duniyarmu faɗinta kilomita 12,742, rana ta ninka ta sau 109 a faɗi, a wannan awon ta zama milimita 2, wato ƙwayar gero guda ɗaya, kuma ka zaɓi ƴar ƙarama. Zuhura, wadda mutanenmu ke ce wa Zara matar wata, kusan girmansu ɗaya da tamu, ita ma ƙwayar gero. Mirrihu, wato Mas, rabin tamu ce a faɗi, milimita 1, ƙwayar acca ta yi daidai, in ba ka samu acca ba ɗigon biro mai ɗan kauri ya isa. Uɗaridu, wato Makyuri, ita ce auta, ba ta kai milimita ɗaya ba, ƙwayar yashi. Mushtari da ƴan boko ke kira Jufita ita ce babbar yaya, santimita 2 da ɗan ɗoriya, ka nemi kanya guda ɗaya madaidaiciya. Zuhalu, wato Satun, santimita 1.8, kurna ko magarya mai ɗan girma. Yuranus da Neftun kowacce wajen milimita 8, ƙwayar wake ɗai-ɗai. In ba lokacin kanya ko kurna ba ne kar ka wahalar da kanka da yawon kasuwa, ka kwaɓa yumɓu ko laka ka mulmula, ka gwada da rula, ka shanya ya bushe. Ni ma na fi son na yumɓun dan yara ba sa cinyewa a hanya.

Bayan haka kana buƙatar kwali ka yanka shi gida takwas, kowanne kamar tafin hannu biyu, da maka ta rubutu, da salatif mai haske wanda ake gani ta cikinsa, da karan dawa guda takwas, da igiya mai tsawon mita 10. Igiyar ka auna ta da tef na magina ko na tela, ka ƙulla ƙulli a kan kowace mita. Wasu za su ce a yi da taku kawai, amma takun yaro ɗan aji uku da na malaminsa ba ɗaya ba ne, kafin ku kai Mushtari gardama ta kaure. Kowane kwali ka rubuta sunan duniyar da manyan baƙaƙe, ka manna ƙwayar a tsakiya da salatif, ka zagaye ta da maka dan a san inda take, in ba haka ba ƙwayar yashin nan ta Uɗaridu kai kanka sai ka neme ta ka rasa. Ka manne sosai fa, kaji da awaki ba ruwansu da ilimin falaki. Sai ka tsaga kan kowane kara ka soke kwalin a ciki yadda za a iya kafa shi a ƙasa.

Zuhalu tana da ɗan ƙarin aiki. Ka yanko zobe na farar takarda mai faɗin wajen santimita 4 da rabi daga baki zuwa baki, ka huda tsakiya ka sa kurnar a ciki ba tare da takardar ta matse ta ba. Zoben nata na gaskiya ba faifai ɗaya ba ne dunƙulalle, gutsattsarin ƙanƙara ne da duwatsu bila adadin kowanne yana zagaya ta da kansa.

Mataki na biyu shi ne wuri, kuma nan ne mutane ke raina abun. Kana buƙatar miƙaƙƙen wuri mai tsawon mita 710. Eh, ɗari bakwai da goma, filin ƙwallo bakwai a jere kenan. Filin makaranta na yau da kullum zai kai ku Mirrihu cikin sauƙi, wataƙila da ƙyar ya taɓo Mushtari, daga nan sai katanga. A nan Zariya in kuna kusa da filin Idi na Ƙofar Doka ko filin Polo za ku samu sarari mai yawa, waɗanda ke Samaru kuma akwai dogayen tituna a cikin ABU da ba su cika cunkoso ba ranar hutu, ko kuma bayan an gama girbi ku bi hanyar gona ta wajen Kufena ko Shika inda ƙasa take a shimfiɗe. Ko ina ne dai ka fara neman izinin masu wurin, kuma kar ka jera yara a bakin babban titi inda ƴan acaɓa da masu keke ke gudu. Lokaci mafi daɗi shi ne da safe kafin rana ta ɗaga ko bayan la'asar, a tafi da ruwan sha. In ba a samu cikakken tsawon ba ba komai, ku je iya inda kuka iya, sauran ka nuna musu da hannu ka ce Neftun tana can wajen gidan man nan ko masallacin can, sun san unguwarsu za su gane.

Mataki na uku, a ajiye rana. Ka ɗora ƙwallon a kan kujera ko bokiti da aka kife dan a riƙa hango shi daga nesa, ka bar mutum ɗaya ya tsaya gadinsa. Kafin a fara tafiya ka sa yara su kawo duka kwalayen takwas su jera su a gindin ƙwallon su kalla. Nan za ka gaya musu cewa in aka haɗa nauyin komai da komai da ke cikin wannan tsarin, rana kaɗai ta kwashe kashi 99.8 cikin 100, ragowar kuma Mushtari ce ta cinye mafi yawansa. Wannan nauyin ne yake ba ta ƙarfin janyowa da ya riƙe kowa yana zagaya ta, tun wajen shekaru biliyan 4.6 da suka wuce. Rana ita kanta tauraro ce irin sauran taurarin da muke gani da dare, kusanci ne kawai ya sa ta zama daban a idonmu, kuma ita kaɗai ce a cikin wannan gidan take yin haskenta da kanta, sauran duka aro suke yi.

Sai a fara ja da igiya. Kafin ka faɗi kowane awo ka sa yara su fara cinka, kowa ya je ya tsaya inda yake zaton duniyar take, wannan shi ne daɗin wasan.

Uɗaridu mita 9 daga ƙwallo. A kafa karanta. Kwana 88 kacal take yi ta gama zagaye rana. Zuhura mita 17. A nan ka tambaye su wacce ta fi zafi tsakanin biyun, kusan kowa zai ce Uɗaridu tunda ta fi kusa da wuta, amma Zuhura ce, zafin samanta wajen digiri 465 ne dare da rana, sabida iska mai kauri ta kabon da ta lulluɓe ta, zafi ya shiga ba ya samun hanyar fita. Kuma juyawarta a kan kanta a hankali ne ƙwarai, sai ta yi kwana 243 irin namu kafin ta juya sau ɗaya alhali shekararta kwana 225 ce, sannan juyin nata ma ta baya take yinsa, da mutum zai iya tsayawa a can zai ga rana tana fitowa daga yamma.

Duniyarmu mita 23 da rabi, shi ne kilomita miliyan 150 ɗin da ake faɗa. A nan za ku daɗe, kar ka yi sauri. Da farko ka ɗiga ɗan mitsitsin ɗigo da biro a kan kwalin, santimita 6 daga ƙwayar geron, shi ne wata. Wannan santimita 6 ɗin ita ce tafiya mafi nisa da ɗan Adam ya taɓa yi da jikinsa, daga 1969 zuwa 1972 mutum 12 suka taka wata. Sannan ka sa kowane yaro ya durƙusa ya kai idonsa dab da geron ya kalli ƙwallon. Girman da ya ga ƙwallon daga nan shi ne daidai girman da rana take da shi a sama in muna kallonta daga ƙasa, kuma shi ne girman wata daren sha huɗu. In ya miƙe hannu ya rufe ido ɗaya, ƙaramin yatsansa zai rufe ƙwallon gaba ɗaya, da dare ya gwada da farin wata zai ga haka ne. Wannan ita ce shaidar da za ka ba duk wanda ya ce awon naka ƙirƙira ce. Dalilin da rana da wata suke zama kamar girmansu ɗaya shi ne rana ta ninka wata kusan sau 400 a faɗi, kuma ta ninka shi kusan sau 400 a nisa, shi ya sa wata yake iya rufe ta ruf a yi husufi, kamar wanda aka yi ranar 29 ga Maris 2006 da duhunsa ya ratsa ta Gusau da Katsina, manya da yawa suna tuna shi.

Har yanzu a nan, ga wani wasa da yake sa yara dariya amma yana zama a kai. Haske yana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, ba abun da ya fi shi sauri, amma a wannan filin namu gudun nasa bai kai santimita 5 a daƙiƙa ba. Ka sa yaro ɗaya ya zama hasken rana, ya taso daga ƙwallo yana jan ƙafa kaɗan-kaɗan, ka kunna agogon waya, dole sai ya yi minti 8 da daƙiƙa 20 kafin ya iso geron. Yawanci kafin minti biyu ya ƙosa ya ruga, sai a mayar da shi. In da Neftun zai je da wannan jan ƙafar sai ya haura awa 4.

Wani abun kuma da ya kamata ka gyara musu a nan shi ne maganar sanyi da zafi. Da yawa, har da manya, suna ɗauka lokacin bazara duniya ce take matsowa kusa da rana, lokacin hunturu ta ja baya. Toh a farkon Janairu ne duniya ta fi kusa da rana, wajen kilomita miliyan 147, lokacin da mu a Zariya muke ƙudundune cikin rigar sanyi ana jin ɗumi a bakin murhu, a farkon Yuli kuma ta fi nisa, miliyan 152. A filin nan bambancin bai kai mita ɗaya ba. Abun da yake kawo sauyin yanayi shi ne duniya a karkace take da digiri 23 da rabi, a Disamba da Janairu rana tana bi ta kudu da mu haskenta yana zuwa a gicciye, ga kuma busasshiyar iskar da ke taso mana daga Sahara. Tunda Zariya tana wajen digiri 11 arewa da tsakiyar duniya, sau biyu a shekara rana take bi ta tsakar kanmu daidai, wajen 19 ga Afrilu da wajen 24 ga Agusta. A ranakun nan ka kafa sanda a miƙe, wajen ƙarfe 12 da rabi na rana za ka ga inuwarta ta ɓace ƙarƙashinta. Na Afrilu ya fi sauƙin gani dan Agusta hadari ba ya barin mutum.

Mirrihu mita 36. Jan da ake gani a jikinta tsatsa ce, ƙasarta cike take da ƙarfen da ya yi tsatsa. Kwananta ya yi kusa da namu, awa 24 da minti 37, shekararta kwana 687. Duniyoyi huɗun nan da kuka wuce su ne na dutse da ƙasa, waɗanda za a iya sauka a taka, kuma ka sa yara su waiwaya su ga duka huɗun ba su kai rabin filin ƙwallo ba.

Daga nan tafiya ta canza. Tsakanin mita 52 zuwa 76 ka ɗebi ɗan yashi kaɗan a yatsu biyu ka watsa, nan ne ɗamarar duwatsun da ke zagaya rana take, mafi girmansu Siris da aka gano a 1801. Kar ka zuba da yawa, a fim ne kawai ake nuna jirgi yana kauce-kauce a tsakaninsu, a zahiri tsakanin wani dutse da wani akwai nisa mai yawan gaske. Sai ku ci gaba da jan igiya har mita 123, nan ne Mushtari. A kan kwalinta ko a ƙasa kusa da ita ka ɗiga ɗigo huɗu a santimita 7 da 11 da 17 da 30, su ne manyan watanninta da masanin taurari Galileo ya fara gani da na'urar hangen nesa a 1610, ɗaya daga cikinsu, Ganimid, ya fi Uɗaridu faɗi. Duk girman nan nata cikin ƙasa da awa 10 take juyawa sau ɗaya, amma zagaye rana sai ta yi kusan shekara 12. Ba ta da ƙasar da za a taka, iska ce mai kauri wadda take ƙara matsuwa in ana nutsawa ciki, kuma akwai wata jar guguwa a jikinta da ta fi duniyarmu faɗi.

Zuhalu mita 226, shekararta 29 da rabi irin namu. Daga nan in ka waiwaya ƙwallon ya zama ɗan ɗigo, ka kira mai gadin a waya ya ɗaga hannu. Yuranus mita 454, wato sai kun sake taka duk abun da kuka taka daga farko kafin ku kai ta, a nan ne ƙananan yara ke fara tambaya wai ba a kusa ba. William Herschel ya gano ta a Ingila a 1781, ita ce ta farko da aka gano da na'ura, sauran biyar ɗin tun zamanin kakannin kakanni ake ganinsu da ido. A kwance take juyawa, ta karkace da digiri 98, dan haka in kana so ka kafa kwalinta a kaikaice. Neftun mita 710. Ita da lissafi aka fara gano ta, masana sun ga tafiyar Yuranus tana ɗan kaucewa daga inda ya kamata, wani Bafaranshe Le Verrier ya lissafa inda mai janta take, aka duba daga birnin Balin na Jamus a 1846 aka same ta a wurin. Shekararta ɗaya shekara 165 ce tamu, tun da aka gano ta sai a 2011 ta kammala zagaye ɗaya. Jirgi ɗaya tal ya taɓa wucewa ta kusa da ita, Voyager 2, a 1989, bayan ya bar duniya tun 1977.

Tabbas wani zai tambayi Fuluto, musamman in akwai babba a wurin da ya yi makaranta lokacin ana cewa tara ne. An gano ta a 1930, a 2006 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta mayar da ita sahun ƙananan duniyoyi bayan an ga akwai ire-irenta a can bayan Neftun, ba ɓacewa ta yi ba, tana nan, a awonmu wajen mita 930, kuma ba ta kai watanmu girma ba. In kuma suka ce toh tauraro mafi kusa bayan rana fa, sai ka ce musu wani ƙwallon ne, ƙarami ma, amma kafin a ajiye shi sai an yi tafiyar kilomita 6,300 daga inda kuke tsaye, a wuce Makka, a wuce Dubai, sai wajen Karachi ta Pakistan.

Mataki na huɗu ana yinsa ne a hanyar dawowa, kuma kar ka tsallake shi dan in ka tsallake ka gyara kuskure ɗaya ka dasa wani. Duniyoyin nan ba a layi ɗaya suke ba, mu ne muka jera su dan sauƙin awo. Kowacce tana kan nata da'irar, wata tana gabas da ƙwallo wata tana yamma. In kun dawo wajen na ciki huɗun nan, ka ba yara huɗu karan su riƙe, kowa ya zagaya ƙwallon yana kiyaye nisansa, na ciki ya fi sauri na waje ya fi jinkiri. Geronmu a filin nan wajen santimita 40 yake matsawa a kwana ɗaya. Za su ga da idonsu cewa wani lokaci mai riƙe da Mirrihu yana dab da mai riƙe da duniya, mita 12 da ɗan kai, wani lokaci kuma yana can ƙetaren ƙwallo kusan mita 60, shi ya sa wata shekara za ka ga Mirrihu tana haske jawur wata shekarar kuma da ƙyar ka gane ta, duk bayan wata 26 muke zuwa kusa da ita. Sannan ka sa mai riƙe da duniya ya nuna ƙwallo da hannu ɗaya ya bi mai Zuhura da ɗaya hannun yayin da yake zagayawa, zai ga hannayensa ba sa taɓa buɗewa sosai, iyakarsu wajen digiri 47. Wannan shi ne dalilin da ba za ka taɓa ganin Zara a tsakar sama da tsakar dare ba, ko dai a yamma bayan magariba ko a gabas kafin asuba, lokacin da ake ce mata gamzaki. Abu ɗaya ne, ba taurari biyu ba ne.

In ruwa ya hana ku fita ko babu fili ko kaɗan, akwai ƙaramin sa na cikin aji. Zare mai tsawon mita 3 da ɗan ɗori, ƙulli a farko shi ne rana, sai ƙulle-ƙulle a santimita 4, 7, 10, 15, 52, 95, 192 da 301. Nisan ya fito daidai amma ka gaya musu a wannan awon rana kanta ba ta kai milimita ɗaya ba. Yana taimakawa, sai dai bai kama ƙafar na fili ba.

Mataki na biyar da dare ne, a je a ga na gaskiyar. Biyar ana ganinsu da ido ba tare da komai ba, Uɗaridu da Zuhura da Mirrihu da Mushtari da Zuhalu, amma ba lallai duka a dare ɗaya ba. Ka sauke manhajar Stellarium a waya, ka sa mata Zariya, za ta nuna maka wacce ke sama a daren da kuma ta ina. Ko babu waya akwai alamu biyu, na ɗaya duniyoyi suna bin hanyar da rana da wata suke bi ne daga gabas zuwa yamma, kar ka neme su can ƙuryar arewa, na biyu taurari suna ƙyaftawa su kuma duniyoyi haskensu a tsaye yake sai in sun yi ƙasa sosai. Zara ta fi kowa haske bayan wata, sai Mushtari fara tas, Mirrihu ja-ja, Zuhalu tana ɗan yin rawaya-rawaya ba ta da ƙarfin haske sosai. Uɗaridu ce mai wahala, kullum tana manne da rana, sai ka samu wurin da ba gini ba bishiya a gabanka jim kaɗan bayan faɗuwar rana ko kafin fitowarta. Lokacin da sama ta fi wankuwa a nan shi ne ƙarshen damina, Oktoba zuwa farkon Nuwamba kafin hazo ya sauko, ko daren da ruwa ya ɗauke gari ya washe. In an ɗauke wuta a unguwa ma garaɓasa ce. Wanda ya samu aron madubin hangen nesa mai ido biyu, ya jingina gwiwar hannu a kan katanga dan kar ya yi rawa, ya kalli Mushtari, zai ga ƴan ɗige-ɗige a jere a gefenta, su ne watannin nan huɗu, gobe in ya sake dubawa sun canza wuri. Ka sa yara su zana su a littafi dare bayan dare. Zoben Zuhalu kam sai da teleskof, wato babbar na'urar hangen nesa.

Rana kuma dan Allah kar kowa ya kalle ta kai tsaye, ko da baƙin gilashi, balle da madubin hangen nesa, cikin ƙiftawa take ƙona ido kuma ba a jin zafi lokacin da abun yake faruwa. In kuna so ku auna ta ga hanya mai lafiya. Ka huda ƙaramin rami da allura a jikin kwali, ka juya wa rana baya, ka ɗaga kwalin yadda haske zai bi ta ramin ya sauka a kan farar takarda da ke fuskantarsa a cikin inuwa. Ɗan da'irar hasken da ya fito hoton rana ne. Ka ja takardar har nisanta da kwalin ya kai mita 2, ka auna faɗin da'irar da rula, za ka samu kusan santimita 1.9. Ka raba 200 da 1.9, zai ba ka ɗari da ƴan kai, in awon ya yi kyau sosai 108 ake nema. Sai ka ba ƴan sakandare kalkuleta su raba miliyan 150 da abun da suka samu, amsar ita ce faɗin rana a kilomita. Wanda ya samu tsakanin miliyan 1.3 da 1.5 ya yi daidai, wanda nasa ya kauce sosai yawanci ramin ne ya yi faɗi, ya canza kwali ya huda da siririyar allura ya sake.